Fangalin Ƙarshe

Bunkure
Janairu

Yaya Usaini,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kasuwa kuma tana tafiya. Mu nan ƙalau, sai sanyin safe da ke hana yara fitowa da wuri. Ciwon ƙafar Goggo Iyatu ya ɗan tashi, amma jiya na tarar da ita tana korar akuyar maƙwabta da muciya, ka ga ke nan da sauƙi. Ta ce a gaida ɗanta na Legas, ta ce kuma man zafin da ka aiko ba ya zafi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu a wannan zamani. Duk lokacin da na kira ka, rabin maganar ihun 'yan dako ne, rabin kuma "me kika ce?" Tunda Sammani direba a kasuwarku yake sauke tumatir, na ce gara in ba shi takarda ka karanta a tsanake. Na san ni ba ta kusa ba ce. Kakata da kakarka ne 'yan ɗaki ɗaya, irin zumuncin da sai an zauna an warware shi kafin a gane. Amma 'yarka a ajina take, kuma ina da labarin da ya kamata ubanta ya ji.

Ka san yadda Goggo ta kawo mini Mubina rabin aji. Tun bara da ruwan kanal, babbar hanyar ban-ruwan nan, ya tafi da uwarta Rauda a gaban idonta, ba wanda ya sake jin muryarta. Haka ta zo mini, ta nemi lungu ta zauna. Mu kuwa ajinmu ba na zaman lungu ba ne. Alli ba ya isarmu, littattafai suna kulle a ofishin hedimasta kada su yi datti, don haka abin da ƙasa ta ba mu da shi muke karatu. Mu jera albasa daga babba zuwa ƙarama. Mu ware tumatir, ja gefe, kore gefe, ruɓaɓɓe a watsa wa kaji. Mu yi ƙirga da marfin kwalaben lemo, mu rubuta baƙi da yatsa a kan rairayi. Mubina tana yin duka, har ta fi wasu masu surutu, amma bakin nan a rufe.

Kwanakin baya faɗa ya ishe ni, kowa shi ne zai fara komai. Sai na ce bari in koya musu jiran layi yadda iyayensu ke jiran ruwa a gona. Muka kwaɓa laka a bayan aji, muka ja 'yar hanyar ruwa mai faɗin tafin hannu. Kowane yaro ya yi ɗan fangalinsa a gefenta, ya dasa albasa, ya rubuta baƙin farko na sunansa a jikin kunyar. Daga sama muka haƙa ɗan rami da muke cikawa da bokiti daga famfon makaranta, muka tare bakinsa da marfin gwangwanin madara. Wannan marfin shi ne ƙofa. Mai ƙofa zai kira mai fangali, sai an amsa masa sannan ya ɗaga. In wancan ya ƙoshi, ya rufe ya kira na gaba.

Wani yaro Baballe na fara ba ƙofar, ya saki ruwan gaba ɗaya ya cinye gonar Hajara, aka yi kuka aka yi yaƙushi. Ina cikin rabon faɗa sai na ga Mubina ta fito daga lungunta, ta tsuguna ta sa hannu ta danne marfin. Na ce, "To, ke ce mai ƙofa. Amma fa mai ƙofa kira yake yi." Na juya kamar ban damu ba.

Yaya, ta kira. Muryar a shaƙe kamar ta wanda ya tashi daga barci, amma ta kira Baballe da sunansa. Yaran ko lura ba su yi ba, ruwansu kawai suke jira. Ni ce na shige aji na yi kukana, na share fuska na fito.

Yanzu kullum ita ke riƙe da ƙofa, ba ta kuma yarda a yi mata wayo. A wajen gonar kawai take magana, a gida har yanzu shiru. Na dai ga a nan ta fi sakewa. Ka sa ta a addu'a.

Ƙanwarka,
Zuliha


Legas
Fabrairu

Malama Zuliha,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Ina lafiya, sai tarin da ba ya rabuwa da mai wuni kusa da kwandunan attaruhu. Ki gaida Iya, ki ce mata man zafin na gaske ne, ƙafar ce ta saba da shi.

Na karanta a tsanake kamar yadda kika ce, na kuma maimaita. Alhamdu lillahi da bakin ya buɗe. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin bai yi mini daɗi yadda kike zato ba. Ranar da takardar ta zo na kira wayar Iya na ce a kara wa yarinyar a kunne. Na yi ta cewa, "Mubina, Babanki ne," numfashinta kawai nake ji. Ke nan wani Baballe, da ban ma san ɗan gidan wa ba ne, shi ya kai a kira sunansa, ni da na haife ta ban kai ba.

Kin kuma ce a wajenki ta fi sakewa. Iya ce ke tashi da ita in ta firgita, ita ke wanke mata shimfiɗa, da ƙafar nan da kika gani. Ba na son wannan magana ta kai kunnenta.

Babban abin shi ne ruwan. Zuliha, duk wasannin duniya ki rasa wanda za ki ba yarinyar nan sai kanal? Ni na bi gefen ruwan nan da ƙafata wuni guda kafin mu sami Rauda a maƙale a jikin ƙarfen gada. Na bar garin ne don ba na iya wucewa ta wajen. Yanzu ki gina wa 'yarta ƙaraminsa, ki ce ta riƙe ƙofa. Ko faɗin yatsa ne ba na so.

Kuma ni makaranta na sa ta, ba lambu ba. Yaran gidan da nake haya, sa'anninta, kowa da jakarsa da fensirinsa, suna rera ABCD har ƙarshe ba tuntuɓe. Laka kam mun gaje ta, ba sai an koya mana ba. Ki ba ta fensir, ki ba wani ƙofar.

Na aiko mata da biskit da safa ta hannun Sammani. Ki duba ko ya taɓa biskit ɗin.

Yayanki,
Usaini


Bunkure
Ƙarshen Fabrairu

Yaya Usaini,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, zafi ya fara leƙowa. Goggo ta samu sauƙi har ta je suna da ƙafarta. Biskit ya iso da giɓi, Sammani ya rantse ɓera ne, ɓeran da ya iya kwance leda ya ci ya sake ɗaurewa. Safar ta yi wa Mubina yawa, amma ta ƙi cirewa, da ita take kwana.

Ka ce ka karanta a tsanake, ni kuwa na ga da ido ɗaya ka karanta. A ina na ce Goggo ba ta riƙe ta da kyau? Yaro cikin yara yake sakewa, iyakar abin da na faɗa ke nan. In wanda za ka yi fushi da shi kake nema, nemi wani, ni ɗaki guda gare ni cike da masu majina.

Maganar ABCD kuma, bari in ba ka labari. 'Yarka ta san baƙin kowane yaro a ajin nan, don in ba ta gane H ba, ba za ta san gonar Hajara ba ce. Ta san wa ke bin wa. Ta san fangalin da ya fi nisa shi ya fi daɗewa kafin ruwa ya kai masa, shi ya sa take bar masa marfin a buɗe fiye da na kusa, ba ni na koya mata ba. Ran nan Baballe ya yi sammako ya goge baƙin wata yarinya ya rubuta nasa don ya sha sau biyu, ta naɗe hannu ta ƙi kiran kowa har ya mayar. Waɗancan masu rerawar naka, ka nuna musu baƙi ɗaya daga tsakiya ka gani in ba sai sun koma farko sun rero ba. Ni ma haka aka koya mini, na san abin da nake faɗa.

Don girmanka na gwada abin da ka ce. Na karɓe marfin na ba Hajara, na ba Mubina fensir. Ranar ta koma lungunta, ko albasa ba ta taɓa ba. Washegari ma haka. Da na ga za a koma gidan jiya, na mayar mata da abinta. Ban bi umarninka ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na bi ba. Kai ka guje wa ruwan, kana da inda za ka. Ita kullum ta gefensa take wucewa zuwa makaranta, daga ɗakin Goggo ma tana jin ƙararsa. A bayan ajin nan ne kawai ruwa yake tsayawa in ta ce ya tsaya. Shi ne kake so in ƙwace.

Batun waya, yarinyar nan ba ta magana da abin da ba ta gani. Tun sadakar arba'in ba ka taka garin nan ba. Legas ba lahira ba ce, ga Sammani nan yana zuwa yana dawowa.

Jiya ta yi mini tambaya, karo na farko da ta yi maganar da ba kira ba. Ta bi ruwan da ido har ya wuce fangalin ƙarshe ya ɓace a rairayi, ta ce, "Malama, ina yake zuwa?" Na ce ƙasa ce ta shanye. Ta ce, "Na babban fa?" Ina nan ina tunani a kai.

Ƙanwarka,
Zuliha


Legas
Maris

Zuliha,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Maganar ba mai tsawo ba ce.

Sammani ya gaya mini abin da ya gani. Ranar da ya shiga gonaki ɗaukar kaya ya hango yara a jere a bakin babban kanal, daidai matakalar da mata ke wanki, ke a gaba riƙe da hannun 'yata. Sai da ya taka birki ya leƙo, don bai yarda da idonsa ba. Wannan ne tunanin da kika ce kina yi? Labarin ɓera da biskit kin iya rubuto mini shi, wannan kuwa sai a bakin direba zan ji.

Kin san gansakukar da ke matakalar nan. Uwarta, babbar mace mai hankali, ta zame a kai, ke da hannunki biyu kika kwashi 'ya'yan mutane kika kai su. Na ce ba na son ƙarami, sai kika kai ta babba.

Kin ce na gudu. Na ji. Ke ba ki taɓa jawo naki daga cikin ruwa ba, shi ya sa maganar take miki sauƙin faɗa.

Na kira hedimasta na gaya masa komai, na ce in bai tsayar da wannan wasa ba zan bi iyayen yara ɗaya bayan ɗaya. Aziza, matar maƙwabcina na nan, tana Kura wajen biki, za ta biyo ta ɗauki Mubina su taho tare. Iya ta so ta yi magana, na ce mata na gama yanke shawara. Na riga na nema mata makaranta a nan, mai benci da allo, inda ba kanal babba ko ƙarami.

Kada ki kira ni, ba zan ɗauka ba. Kada kuma ki je gidan Iya ki yi mata wa'azi.

Usaini


Bunkure
Maris

Yaya Usaini,

Assalamu alaikum, ko da ba za ka amsa ba. Ni lafiya. Goggo tana nan, amma tun da aka tafi da yarinyar ba ta cin abin kirki, akuya ma ta shigo ta fita ba mai korar ta. Na kira ka, ka cika alkawarinka ba ka ɗauka ba.

Gaskiya ne na kai su. Na nemi izinin hedimasta ya ba ni, ko da yake yanzu ya ce bai tuna ba. Ba ni kaɗai ba ce, da iyaye mata biyu muka je, yaran kuma kowa riƙe da igiya ɗaya, nesa da baki. Na so su ga ƙofa ta gaske mai ƙarfe, su ga inda ruwan gonakin iyayensu ke fitowa. Amma ba zan laɓe a bayan darasi ba, don ita na shirya tafiyar. Ban gaya maka ba don na san za ka hana.

Ga abin da Sammani bai gani ba daga cikin mota. Da muka isa ta saki igiyar ta kama hannuna, ita ta ja ni har kan matakala ta sama. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara tsayuwa yadda take yi a bayan aji, ta ɗaga murya ta ce, "Umma, kin shirya?" Da wannan kalma take kiran kowa kafin ta sakar masa ruwa. Ta jira. Ta sake kira. Ruwa sai wucewarsa yake. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malama, ba ta amsa ba. A rufe."

Yaya, ni na kafa dokar nan da bakina, cewa ba a sakar wa wanda bai amsa ba ruwa. Sai na ce mata wannan ƙofar ta fi ƙarfinmu. Ta dube ni irin kallon da take yi wa Baballe in ya yi ha'inci. Har yau ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna, kuma abin yana ci mini rai. Abin da na sani, a hanyar dawowa ta ba ni labarin Ummanta, launin zanin da take wankewa, da sabulun da ya suɓuce mata ta miƙa hannu za ta kamo. Ba wanda ya taɓa sanin wannan sai ita. Da yamma kuma ta ce wa Goggo, "Zan sha ruwa." Maganarta ta farko ke nan a gidan. Ka tambayi Goggo in ba ka yarda da ni ba. A makon da bakin ya fara buɗewa a gida, a makon ka aiko a ɗauke ta.

Aziza ta zo muna tsakiyar ban-ruwa. Ban ga laifinta ba, aiken ta aka yi, mota kuma tana jira a titi. Mubina ta rufe wa na farko ke nan za ta kira Baballe aka ɗaga ta, da laka a hannu, marfin a damƙe cikin tafinta. Yaran suka tsaya kowa a bakin fangalinsa suna jira a kira su, sai da na kore su aji.

Washegari hedimasta ya sa 'yan aji shida suka baje wajen da fartanya. Albasar har ta fara yin kai. Yanzu muna zaune a tabarma muna rera ABCD daga safe zuwa tashi, sai ka ji daɗi.

Zan ba Sammani wannan. Ya ce tsutsa ta shiga tumatir, bai san ranar da zai sake lodi ba.

Zuliha


Legas
Yuli

Malama Zuliha,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya damina? Na ji an gama dashen shinkafa. Ni lafiya, tarin ma ya yi sauƙi. Wannan ta hannun wani mai albasa ɗan Garun Mallam na ba da ita, tunda motocin tumatir sun tsaya.

Wata da watanni ban ji daga gare ki ba. Na ce kada ki kira, ban ce kada ki rubuto ba. Amma na gane, an cire yarinya daga ajinki, ke ma kin cire ta daga ranki. Ba komai. Da ina da wanda zan tambaya bayan ke, da ban ɗauki biro ba.

Mubina lafiyar jiki ƙalau, har ta yi kumatu. Aziza tana kula da ita in na tafi kasuwa. A makaranta sun mayar da ita bencin baya, malamarsu ta ce ba kurma ba ce, taurin kai ne. Na kai ta asibiti an duba kunne an duba harshe, an ce ba komai. Tana da jaka, tana da fensir. Fensirin yadda na saye shi haka yake.

A bayan ɗakinmu akwai yashin da mai gida ya sauke zai yi gini. Nan take zuwa in ta dawo. Ta ja layi da tsinke, ta yi 'yan gonaki a gefe kowace da baƙinta, ta haƙa rami daga sama ta cika da ruwan kofi, ta tare da wani marfin gwangwani da ta zo da shi. Na so in hana, na ga ba ta da wani abin da take so a garin nan, na ƙyale. Wata Lahadi ban fita ba, ina kwance sai na ji murya ta taga: "Baballe, ka shirya?" Muryar uwarta ce sak, an rage mata girma.

Amma ba ta ɗaga marfin. Ta kira, ta jira, ta sake kira, har yashi ya shanye ruwan, sai ta kakkaɓe hannu ta tashi. Kullum haka, kullum sunan nan ɗaya. In na fito ta yi shiru. Ran nan na ga abin ya dame ni na sa hannu na ɗaga mata marfin, ta daina zuwa wajen har sai da na yi zaton ta bari.

Me take jira? Ki gaya mini, ko layi ɗaya ne.

Yayanki,
Usaini


Bunkure
Agusta

Yaya Usaini,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi yawa bana, rufin ajinmu sai yoyo. Goggo tana gaishe ka, ta rame.

Ni ce na cire ta daga raina? Ga takardar da na rubuta maka tun watan Maris, na haɗa da wannan. Jiya na tsare Sammani a Kura, ya zaro ta daga ƙarƙashin kujerar mota da baƙin mai a jikinta. Wannan karon ka karanta da ido biyu.

Amsa take jira. Wanda aka kira zai buɗe bakin fangalinsa ya ce, "Na shirya, a sako." In bai faɗa ba, ba za ta ɗaga ba ko za a kwana a nan. Ba ta tsallake kowa. Wanda ba shi da fangali da baƙinsa a jiki, ba a kiransa. Baƙo kuma daga ƙarshe yake farawa. Dokokin ke nan. Na kafa su ne don yara su daina yaƙushin juna, ban san za su bi ta har Legas ba. A kan Baballe aka ɗauke ta, shi ya sa ta tsaya a kansa.

Kada ka tambaye ni ko a dawo da ita. Wajen gonar an zuba masa tsakuwa, hedimasta ya ce ko kofin ruwa ya gan ni da shi a bayan aji zai kai ƙarata. Bayan hutu Baballe da Hajara za su wuce aji ɗaya, wajen malami mai bulala. Abin da ta bari ba ya nan.

Ni na kai ta matakala, kai ka kira hedimasta. Mun haɗu mun yi mata, kowa da nasa hannun. Ban yafe maka ba tukuna, kaina ma ban yafe wa ba.

Zuliha


Legas
Satumba

Ƙanwata Zuliha,

Assalamu alaikum. Takardun biyu sun iso. Muna lafiya ni da ita. Na kira Iya na tambaye ta, ta ce haka ne, yarinyar ta nemi ruwa da bakinta, kuma shi ne abin da ta so gaya mini ranar da na katse ta. A kan tsohuwar takardar ba zan ce komai ba, ba ni da bakin cewa. Ban taɓa sanin sabulu ne ba.

Ranar Lahadi na laɓe a bayan tulin bulo. Ta zo ta cika ramin, ta danne marfin, ta ce, "Baballe, ka shirya?" Na ce, "Na shirya, a sako."

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ba kai na kira ba."

Shi ke nan abin da ta ce. Maganar 'yata ta farko gare ni tun rasuwar uwarta. Ban san ko in gode wa Allah ko in yi kuka ba, sai na yi duka biyun.

Washegari da ta tafi makaranta na tsuguna na yi nawa fangalin a ƙarshen layi kamar yadda kika ce, na rubuta U a jiki. Ta dawo ta gani, ta daɗe tana kallo. Ba ta goge ba. Har kunyar ta gyara masa, don a karkace na yi ta. Tun ranar ta daina yin shiru in na fito, ina zaune take kira.

Mai gida ya ce da zarar ruwa ya ɗauke zai kwashe yashin ya fara gini. Na roƙe shi ya bar mana wannan gefen, ya ce zai duba.

Yanzu kullum da wuri nake baro kasuwa, in zo in tsuguna a wajena, yatsana a bakin fangali. Ita kuma tana kiran Baballe tana jira, har yashi ya shanye ruwan. Ni ne na ƙarshe, Zuliha, kuma duk waɗanda ke gabana suna Bunkure.

Yayanki,
Usaini